Kwana Bakwai a Bakin Gonar Maidawa

Daga Allah muke, kuma komai nisan zango gare Shi za mu koma. Ranar Talata, ashirin da ɗaya ga watan Zulƙida na shekara ta 1371, wadda Nasara ke ƙirgawa 1952, da hantsi, Allah ya karɓi ran Ilyasu ɗan Rabo a gidansa na Jiratawa. In na tsaya a wannan suna, rabin mutanen Maradi za su ce Allah ya jiƙansa ba tare da sun san wanda suka yi wa addu'a ba. Maidawa nake nufi, mai lambun lakwal, wato makarantar boko, wanda ya yi shekaru yana ba itatuwanmu ruwa, yana ba malamanmu kunya. An yi masa sutura bayan azahar, aka kai shi makwancinsa gabas da gari, ƙasa tana da laushi saboda ruwan da aka yi jiyan.

Abokai sun yi ta tambayata me ya hana ni rubuta ta'aziyyarsa, ga shi arba'in ta matso, alhali kowa ya san yadda muke da shi. Wasu sun ɗauka baƙin ciki ne ya riƙe mini hannu. Na gode da kyakkyawan zato, amma tsoro ne. Ana gobe zai rasu iska ta kwantar da gonarsa ta hatsi kaf, kuma wannan gona ita ce abincin shekara na matarsa Tsahara, da ɗiyarsa Zuliha wadda mijinta ya rasu, da jikoki uku. Da bakinsa ya ce kada a taɓa gonar har kwana bakwai, ya kuma ɗora mini tsaron wannan magana. Ban iya zama in yabi mutum ba alhali ina tsoron maganarsa ta ƙarshe za ta bar iyalinsa da rumbu wofi, kuma da hannuna a ciki. Yanzu na ga ƙarshen al'amarin, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Baba Maidawa, ba zan yi maka ƙarya ba tunda ba ka taɓa yi mini ba. Da aka ce ka cika, abin da ya fara zo mini a rai shi ne: ya huta. Shekara biyu ɓarin jikinka na dama a shanye, kana kwance bisa tabarma, kai da ba ka iya zama a wurin biki ba tare da ka cire ciyawar da ke kusa da ƙafarka ba. Ana juya ka kamar waina, ana ba ka kunu da ludayi. Kowace damina kana jin ƙamshin ƙasa ta ƙofar ɗaki, kana tambayar mai wucewa ko an yi maimai. Duk wanda ya so ka ya yi maka kuka, ya kuma yi hamdala, kuma ban ga saɓani tsakanin biyun ba.

Mun haɗu ne shekarar da ta bi bayan ambaliyar gulbi, lokacin da aka tashi tsohon gari daga kwari aka hau tudu. Sabuwar lakwal ɗinmu tana tsaye cikin rairayi, babu ko inuwar da akuya za ta raɓa. Ka zo da hauyarka a kafaɗa ka ce wa darakta kana neman aikin lambu. Ya ce ai babu lambu. Ka ce abin da ya kawo ka ke nan. Aka ɗauke ka.

A wannan shekarar aka sanar da mu cewa Bature mai duba makarantu zai zo daga Yamai. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, na karanta littattafai har gilashi ya kama ni. Na zaɓi darasin da zan burge shi da shi. A littafin an ce duk abin da ke doron duniya ƙasa na jansa zuwa gare ta, dutse ko ruwa ko ɗan mangwaro, amma tsiro shi kaɗai yake bijire mata: saiwa ta bi ƙasa, kara ya nufi sama, ko yaya aka aje irin. Don yara su gani da idonsu, na shuka wake a wata 'yar tukunya. Da ya kai taki guda sai na kwantar da tukunyar a gefenta bisa dakalin aji, don kansa ya lanƙwaso sama da kansa.

Washegari na tarar da tukunya a tsaye. Na kwantar. Washegari kuma a tsaye. Na tara 'yan ajin na yi musu huɗuba kan masu ɓata ilimi, na sa su sharar fili gaba ɗaya. Suka rantse, ban yarda ba. Rana ta biyar na manta laimata, na komo bayan la'asar, sai ga ka durƙushe gaban dakali, kana tayar da tukunya a hankali kamar mai tayar da majinyaci, kana zagin wani ɗan banza marar imani.

Na ce, "Baba, ashe kai ne?"

Ka ɗago ka dube ni, ka kira ni yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci. "Mushe, ashe kai ne? Kwana biyar ina neman mai kada wanga wake. Mi ya yi maka?"

Na yi maka bayani da dukan natsuwar da malami ke yi wa wanda bai shiga aji ba. Ka saurara har na gama, ka tofar da tabar da ke bakinka, ka ce, "Wato so kake ka gwada ma ɗiyan manoma shuka sama take zuwa. To madalla. Gobe sai ka koya musu ruwa jiƙa shikai."

Waken nan kuwa, da rana ya lanƙwasa saboda ni, kafin safiya ya miƙe saboda kai, har ya fito a murɗe kamar sawun maciji a rairayi. Babu lokacin shuka wani. Baturen ya zo, ya ɗaga tukunyar ya juya ta, ya ce bai taɓa ganin malamin da ya yi dabarar juya shuka sau da yawa haka don nuna ba ta mantuwa da sama ba. Ya rubuta yabo a takardarsa. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u na karɓe. Kana bakin taga da gwangwanin ban ruwa, ina hango kafaɗunka suna rawa don dariya. Shekara shida yabon nan yana cikin takarduna. Yau na maido maka abinka a gaban jama'a, ko da yake na makara, kamar yadda ka sha faɗa cewa masu karatu kan yi.

Da daminar ta zo ka ce in hau kekena in biyo ka Jiratawa in ga darasin a inda aka haife shi. Ka kai ni wani gefen gona inda shanu suka bi ta kan hatsi. Ka kama kara guda ka aza yatsana a kan gaɓarsa, wadda ku kuke kira gwiwa. Ka ce in taɓa ƙasanta, in taɓa samanta. Ɓangaren da ke kallon ƙasa ya kumbura ya yi tsawo, na sama ya tsuke, shi ya sa karan ya karyo sama daga nan. Ka ce muddin gwiwa tana da ɗanye, hatsi na iya tashi. In ta bushe ta yi itace, sai dai a yi masa addu'a.

Na ce haka littafi ya faɗa, gefen ƙasa ya fi saurin girma. Ka ce ka ji, amma wa ya gaya wa karan ina ne ƙasa, tunda ba shi da ido? Na ce masana sun ce a cikin naman tsiro akwai wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, masu ɗan nauyi, da kan nutse su taru a gefen da ke ƙasa, kamar yadda tsaki ke kwantawa a gindin ƙwaryar fura. Inda suka taru, nan tsiro ya san ƙasa ce. Ka tambaya me ke sa su nutsewa. Na ce jan ƙasa. Sai ka fashe da dariya har ka dafa kafaɗata.

"Ashe ƙasar da ke jan shi ita ke gwada mai hanyar guje mata! Kamar gardin Nasara ya zo kama ka aikin tilas, ya kuma nuna maka hanyar Jibiya ta tsallake iyaka."

Na karanta bayanin nan a littafi uku, ban taɓa lura da wannan ba. Tun daga ranar nake faɗa wa kowane aji haka, sai dai nakan cire gardi in akwai baƙo.

Alherinka ba ya buƙatar shaidata. Duk wanda ya bi titunan sabon gari ya ga itacen dogon yaro a ƙofar gida, ya tambaya wa ya ba da dashen. A tsoffin gwangwanaye kake rainonsu bayan rijiyar lakwal, ka bi gida gida kana rabawa, ka kuma koma bayan wata guda ka yi wa maigida faɗa in ka tarar akuya ta ci. Akwai wani attajiri, ba zan faɗi sunansa ba, da ka tsayar a tsakiyar kasuwa ka tambaye shi yadda mai raƙuma talatin ya kasa kare itace guda daga tunkiya. Matan malamai sun ci tumatir da yakuwarka ba adadi. Shekarar da ƙyanda ta ɗauke mana ɗanmu na fari, ni da Ramatu, mutane sun zo sun yi mana nasiha mai kyau, wasu da Larabci. Kai kuwa gwangwaninka ka ɗauko. Wata guda cur kana shigowa da safe ka ba lemun tsakar gidanmu ruwa ka fita, don ka san babu mai tunawa da shi. Ramatu ba ta manta ba, ni ma haka.

Ba zan mai da kai waliyyi ba, don za ka fi kowa jin haushi. Kana da gardamar da ta fi ta jaki a bakin gulbi. Guga in ya shiga hannunka ya yi hijira ke nan. Mahaifinka Rabo anne ne, ya mutu kan al'adar kakanninsa, kai kuma ka musulunta da gemunka. Surorin da ka iya ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba, kuma wani limami ya taɓa cewa in kana karanta su Larabawa ma sai sun nemi tafinta. Amma ban taɓa ganin rana ta faɗi da salla a kanka ba, ko bayan da ta koma sai da ido da hannu guda. Ba ka kuma yanke danginka na ƙauye ba, ko da masu tsoron Allah fiye da kai suka ba ka shawara.

Ranar Litinin ɗin nan na je duba ka, da yake muna hutun damina. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso irin wadda ke kwashe jinka, ruwa ya biyo ta a kwance. Da aka ɗauke, Zuliha ta ruga gona ta komo hannu bisa kai. Hatsin da ya wuce tsayin mutum, ya yi ciki yana shirin fid da kai, ya kwanta gaba ɗaya ya fuskanci yamma kamar an shimfiɗa tabarma. Hanya ta ɓaci, na kwana a zauren ƙanenka Jibo.

Da gari ya waye ka sa aka kira ni. Muryarka ta yi ƙasa, sai na kai kunne. Ka tambaya karyewa ya yi ko kwanciya, saiwa ta fito ko tana ciki. Na ce ban sani ba. Ka ce ai ka san ban sani ba, in je in tsinko maka kara guda daga tsakiyar gona. Na kawo. Ka lalubi gwiwar da hannun hagu, ka danna ta da farce har ruwa ya fito.

"Da sauran rai. Kwana bakwai, kada a sa mai lauje, kada a ɗaga shi da hannu. Jibo zai so ya sare ya shuka wake. Ina da rai ma ba ya jin tawa, balle. Amma yana tsoron mai wando da alƙalami. Kai za ka tsaya."

Na ce in sha Allahu, da kanka za ka tsaya. Ka harare ni irin hararar da kake wa mai zuba wa dashe ruwa da tsakar rana. Na ce to. Kafin rana ta take ka cika.

A yi wa Jibo adalci. Ba mugu ba ne, kuma ba jahilin gona ba ne. Kowane manomi ya san ƙaramin hatsi na tashi in ya kwanta. Amma wannan ya yi ciki, ya yi nauyi, kansa na cikin laka. Jibo ya ga irinsa ya ruɓe a kwance. Lissafinsa shi ne a sare a ba dabbobi, a shuka wake tun ƙasa na da danshi, ko banza a samu na sawa a baki. Kowace rana da ta wuce tana rage wa waken lokaci. In an jira mako hatsi bai tashi ba, an yi biyu babu, kuma bakin mutum biyar kansa za su koma, shi da nasa rumbun bai cika kaiwa bazara ba.

Kwana ukun farko makoki ya tsare mini gonar, don babu mai ɗaukar lauje ana zaman gaisuwa. Ranar Alhamis bayan sadakar uku na zame na je. Na kafa tsinke kusa da wani kara don in riƙa aunawa. Ba abin aunawa. Kan karan na manne da laka, ganyen ƙasa ya fara rawaya, kuma da yamma aka ƙara ruwa. Da na komo na tarar Jibo ya riga ya kira gayya ranar Asabar. Na je bakin zanan ɗakin Tsahara na gaishe ta, na gaya mata abin da ka ce da abin da Jibo ya ce, ina fatan ta sauke mini kayan. Ta ce, "Mushe, ni takaba nikai, ba ni da baki cikin maganar gona. Amma ina da ciki, jikokina ma suna da." Ban taɓa jin an ba mutum amsa ba tare da an ba shi komai ba kamar wannan.

Ranar Juma'a na koma Maradi, bayan masallaci na zazzage akwatin littattafaina. Na sami wake, na sami alkamar ƙasar Faransa, na sami zanen saiwar wata ciyawa da ban taɓa gani ba. Wanda ya rubuta su bai san akwai hatsin Jiratawa a duniya ba, balle wanda ya yi ciki. Ramatu ta same ni zaune cikin takardu ta ce in bar wa masu gona gonarsu. Na kusa bin shawararta. Abin da ya hana ni ba imani da maganarka ba ne, Baba, kada ka yi alfahari. Kunya ce. Na ce maka to, kuma babu hanyar komawa in janye.

Asabar tun da sassafe na sa wandona na aiki da kwat, na sa gilashi, na ɗauki babban littafin rubutu mai baƙin bango, na je na zauna gindin gawon bakin gonar. Kowa ya san gawo ba shi da ganye da damina, don haka zaman ba na jin daɗi ba ne. Can sai ga 'yan gayya su goma sha wani abu, da lauje da adda, Jibo a gaba. Na tashi na fara taka gefen gona ina ƙirga sawu da ƙarfi da Faransanci, in tsaya in rubuta. Suka ja birki. A ƙasar nan babu wanda ya taɓa ganin mai kwat yana rubutu a bakin gona abin ya ƙare da alheri. Wani dattijo ya matso ya ce, "Mushe, lahiya?" Na ce lafiya lau, abin da na gani nake rubutawa. Ya ce wa za a kai wa? Na ce takarda ba ta rasa mai karanta ta. Nan take ɗaya ya tuna akuyarsa ta kusa haihuwa. Wani ya tuna surukinsa ba shi da lafiya a Tsibiri. Kafin a jima saura ni da Jibo.

Ban ambaci Bature kumandan ba, ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Amma na san abin da na bar su suka zata, kuma na yi amfani da tsoron da ni kaina nake ƙyama. Na roƙi Allah gafara, ina kuma roƙon mutanen Jiratawa. Abin da ke cikin littafin, in suna son sani, shi ne: Asabar, kan kara ya bar ƙasa da yatsa biyu.

Na nuna wa Jibo tsinken da yatsa biyun. Ya ce yatsa biyu ba tuwo ba ne. Sannan ya faɗi maganar da har yau take ci na. "Kai ƙarshen wata gare ka, Mushe, mu ƙarshen damina. In wanga abu ya ɓaci, kai ka yi kuskure, mu mun yi yunwa." Ya daɗe yana kallon gonar, sannan ya ce saboda ɗan'uwansa zai jira har sadakar bakwai, ba saboda kwat ɗina ba. Amma in ranar ta zo hatsi na kwance, ni zan je bakin zana in gaya wa Tsahara da bakina.

Ranar Lahadi ƙaya ta huda mini taya ban je ba. Mai faci yana nan kusa da gidana. Ban neme shi ba sai da yamma.

Litinin aka yi sadakar bakwai, aka raba waina da goro, malamai suka shafa fatiha. Rana ta kwana uku tana fitowa sosai. Ba wanda ya ce a tashi a je gona, amma da Jibo ya miƙe kowa ya miƙe, har masu akuya da masu suruki. Na bi su a baya, ina shirya kalmomin da zan faɗa a bakin zana. Na iya tsara magana, aikina ke nan, amma duk wadda na tsara sai in ji ba ta da kai. Da muka haye ɗan tudun da ke kare gonar sai na ga na gaba sun tsaya cak, sannan wani ya ce la'ilaha illallahu.

Hatsi a tsaye. Gindinsa yana nan kwance yadda iska ta bar shi, amma daga gwiwa ya karyo ya miƙe sak, gona guda, kamar raƙuman ayari sun ɗaga gaba za su tashi. Da ya fi mutum tsayi, yanzu iyakarsa ƙirji, ganye kore shar, kuma nan da can kai ya fara leƙowa. Tsinkena ya ɓace a ciki, ban ma neme shi ba. Na zauna a kan kunya da wandon aikin nawa.

Jibo ya shiga ciki ya durƙusa. Ya kama gwiwar kara guda yana murzawa. Inda ta taɓa ƙasa har ta fid da sababbin saiwoyi ta kama. Ya ce, "Kai, wanga tsoho. Ko ya mutu ba a cin shi gardama." Sai ya rufe fuska da hannun riga. Ranar jana'iza bai yi kuka ba, kwana bakwai yana ta hidimar baƙi da ido busasshe. A nan ya yi shi, tsakiyar hatsi, muka juya baya muka ba shi wuri.

Ba duka ya tashi ba. Kusurwar da ke gangare wajen kwari, inda ruwa ya kwanta, ta ruɓe kamar yadda Jibo ya faɗa. Washegari ya sare ta ya shuka wakensa, ya kuwa fito, kuma na ji labari yana gaya wa mutane a kasuwa cewa shi ya ceci gonar. Ban musa ba, ni da na san daɗin yabon da ba nawa ba. Zuliha ce ta kai wa uwarta labari. Tsahara ta tambaya, duka? Ta ce ban da kwari. Tsahara ta ce, "Haka shike. Bai taɓa yin gaskiya duka ba, amma wadda shikan yi tana isa tuwo."

Jiya Zuliha ta aiko mana da tumu shida daga gonar, zangarniya cike har baki. Ramatu ta gasa, muka ci a tsakar gida, muka yi maka addu'a da bakin da ke tauna hatsinka. Masu gani sun ce in Allah ya tsare shi daga tsuntsu, rumbu zai kai su wata damina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Tsahara, Allah ya ba ta haƙuri, ya sa ta fita takaba lafiya, ya saka mata jinyar shekara biyu da ta yi ba tare da an ji bakinta ba. Ga Zuliha da 'ya'yanta, Allah ya raya su, ya zama gatansu. Ga Jibo, wanda nauyin gida ya koma kansa, Allah ya ƙarfafa kafaɗarsa, ya kuma yafe mini ranar Asabar. Ga dangi na Jiratawa da na Tsibiri, na masallaci da na ƙauye, da malamai da ɗaliban lakwal, da duk mai zama a inuwar da bai shuka ba, Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Ya Allah, bawanka Ilyasu ya zo maka da 'yan surorinsa da hannu guda. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka yalwata masa kabari, ka sanyaya shi, ka sa kowane itacen da ya dasa ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ka tashe shi cikin salihai, ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Baba Maidawa, amanar da ka ba ni na sauke ta, da tsoro amma na sauke. Iyalinka za su ci tuwo bana. Ka huta.

Maman Lawali, malamin lakwal, Maradi.